Laifin fayif, na ɗora wa man gas

Kuskuren da zan ba da labarinsa tsawonsa kusan rabin milisakan ne, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Duk da haka ya shiga kundin digirina na biyu, ya shiga takardar da na gabatar a wani taron injiniyoyi, ya kuma cinye wa wata ɗaliba da ta biyo bayana kusan zangon karatu guda. Kafin a ga yadda abu ɗan mitsitsi haka ya yi wannan ɓarna, sai mun leƙa cikin silindar injin dizal, wanda a gareji ake ce wa injin gas.

Injin fetur yana da fulogi, tartsatsinsa ne ke kunna wuta a lokacin da aka so. Injin gas ba shi da wannan gata. Tun daga injin da Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1897, dabarar ba ta canza ba: a zuƙo iska zalla, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, zafinta ya kai Kelvin 800 zuwa 900, wato sama da digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan a feso mai a ciki ya kama da kansa. To amma ba ya kamawa nan take. Sai feshin ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo, ɗigon ya zama tururi, tururin ya cuɗanya da iska, sannan sinadarai su soma aikinsu kafin wuta ta tashi. Tazarar da ke tsakanin shigar ɗigon farko da tashin wuta ita ce jinkirin kamawa. In ta yi tsawo, mai ya taru da yawa, sai ya kama gaba ɗaya, ka ji injin yana ƙwanƙwasa kamar zai ɓalle, irin ƙarar da tirela ke yi da asubar hunturu. A injin da ke juyi 1,500 a minti, irin gudun manyan janaretocinmu, milisakan guda daidai yake da digiri 9 na juyin filawil. Saboda haka a wannan fage ba a raina rabin milisakan.

Aikina shi ne in kwaikwayi wannan al'amari a kwamfuta. Ana yanka cikin silinda zuwa dubban ƙananan gurabe, a kowane gurbi kwamfuta ta riƙa lissafa gudun iska, zafi, matsi da yawan tururin mai, taki bayan taki. Na yi amfani da KIVA-3V, manhajar da cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ta fitar a 1997, an rubuta ta da yaren Fortran. Bangaren iska da feshi yana da wahalarsa, amma inda gizo ke saƙa shi ne sinadari, domin yadda man gas ke kama wuta abu ne mai murɗiya. A zafin da bai kai Kelvin 850 ba ko kusa da haka, ƙwayar mai takan rasa haidirojin guda, ta rungumi iskar oksijin, ta naɗe kanta, ta sake rungumar wata, sannan ta fashe ta saki 'yan gutsattsarin sinadarai masu zafin nama fiye da waɗanda ta ci. Wannan ne ke haifar da wata 'yar wuta mai rauni da ake kira sanyayyar wuta, wadda ke ɗan ɗaga zafi kawai. Abin mamaki, da zafin ya ƙaru sai wannan hanya ta fara toshewa, har a sami wani tsakani da ƙarin zafi ke ƙara jinkiri maimakon ya rage shi. Ciezki da Adomeit sun auna wannan a fili da man heptan a Aachen a 1993. Ana cikin haka sinadarin haidirojin feroksaid yana taruwa, sai zafi ya kusanci Kelvin 1,000 ya tarwatse, a nan ne wuta ta gaskiya ke tashi.

Wanda yake son bin wannan duka daki-daki, akwai jadawalin da Curran da Westbrook da abokan aikinsu suka fitar a cibiyar Lawrence Livermore a 1998, na heptan kaɗai, mai nau'in sinadarai sama da 500 da matakai sama da 2,000. Kwamfutar da nake da ita a lokacin, ga kuma ɗaukewar wuta, ko a mafarki ba za ta warware wannan a kowane gurbi ba. Sai na bi hanyar da mutane da yawa suka bi, wato tsarin Shell. Halstead da Kirsch da Quinn ne suka wallafa shi a 1977 daga cibiyar binciken kamfanin Shell da ke Thornton a Ingila, kuma asalinsa don ƙwanƙwasar injin fetur aka yi shi. Matakai takwas ne kacal, da wasu sinadarai na ƙage da aka laƙaba wa haruffa, R da B da Q, kowane yana wakiltar dangi guda na sinadaran gaske. A tsakiyar shekarun 1990 Kong da Han da Reitz na Jami'ar Wisconsin a Madison suka daidaita shi da injin gas: tsarin Shell ya riƙe gurbi har zafinsa ya kai wajen Kelvin 1,000, daga nan wani lissafin na ƙonewa ya karɓa. A cikin lambobin tsarin akwai guda da duk mai wannan aiki ya sani, Af04, wadda ke iko da saurin samuwar Q. Ka ɗaga ta, wuta ta tashi da wuri. Ka sauke ta, ta yi jinkiri. Ita ce ake murɗawa.

Injin gwajinmu mai silinda ɗaya ne, ƙirar Indiya, matsinsa 17.5, yana juyi 1,500, da tsohon tsarin mai: famfo a gefe, fayif na ƙarfe, nozul a ka. Kwaikwayo yana bukatar a gaya masa lokacin da mai ya fara shiga silinda. Na sami Baba, dattijon da ke kula da injinan ɗakin gwaji, na ce masa, "Baba, taimin ɗin injin nan nawa ne?" Bai amsa da baki ba. Ya kwance fayif daga kan famfo, ya cire ɗan bawul ɗin da ke saman filanja, wato sandar da ke tura mai a cikin famfon, ya ɗaura wani gajeren fayif mai lanƙwasa da ya daɗe yana ajiye da shi a akwatinsa. Ya buɗe mai, ya dafa filawil da tafin hannu yana juya shi a hankali ƙwarai. Mai yana zuba daga bakin fayif ɗin, ya koma ɗigo, ɗigon ya riƙa jinkiri, sai ya tsaya cak. Baba ya ɗauke hannu, ya goge gefen filawil da tsumma, ya nuna mini zanen da ya yi daidai da kibiya. Digiri 23 kafin fistin ya kai ƙoli. Ya yi daidai da abin da ke cikin littafin injin. Na buɗe littafina na rubuta 23, a ƙarƙashin layin da na sa wa suna "fara feshi".

Na'urar auna matsi da ke kan silinda ta nuna wuta na tashi wajen digiri 9 kafin ƙoli. Na ɗebe 9 daga 23, na sami jinkirin kamawa na digiri 14, sama da milisakan ɗaya da rabi. Da na saka lambobin mutanen Wisconsin a kwamfuta, wuta ta tashi da wuri sosai, layin kwaikwayo ya riga layin awo miƙewa. Na sauke Af04. Ya matso. Na ƙara saukewa, na ƙara, har wurin tashin layukan biyu ya haɗu. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo: tunda a kwamfuta mai ya daɗe yana taruwa kafin ya kama, da ya kama sai matsi ya yi tsalle ya wuce na awo. Na koma kan lissafin ƙonewa na murɗa wata lamba da ke rage saurin cin wutar, tsallen ya lafa. Na ɗan taɓa girman ɗigon feshi. A ƙarshe layukan nan biyu suka kwanta a kan juna har sai da na ba su launi daban-daban kafin a gane biyu ne. Na daɗe ina kallon wannan zane a daren da ya fito. Ban taɓa jin na iya aiki kamar ranar ba.

Da a ce babu wata alama da ta gargaɗe ni, da na sami abin fakewa. Akwai. Inda na kai Af04 ya yi nisa ƙwarai da inda duk waɗanda na karanta ayyukansu suka tsaya. Na gani, na kuma san na gani. Maimakon in tambayi kaina me lambar nan take haɗiyewa, sai na nemo mata labari, kuma labarin yana nan a shirye: man gas ɗinmu ba shi da kyau. Wa zai musa? Kowa ya san ana surka gas da kananzir a wasu wurare, kuma lambar siten ta kananzir, wato ma'aunin saurin kamawar mai, takan gaza ta gas. Turai ta ɗora mafi ƙarancin siten a 51, Amurka a 40. Namu fa, na ce, Allah kaɗai ya sani. Ga rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 kan gurɓataccen man da ake kawowa Afirka ta Yamma, na kawo shi hujja, alhali maganar rahoton farar wuta ce, wato sulfa, wadda illarta na hayaƙi ne da lafiyar jama'a, ba ita ke sa mai jinkirin kamawa ba. Ban taɓa kai man da na yi gwaji da shi a auna sitensa ba. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗago kai ya ce, "Me ya sa lambarka ta yi hannun riga da ta mutanen Wisconsin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, man da suke aiki da shi ba irin namu ba ne." Aka yi dariya, aka gyaɗa kai. Kusan kowa a ɗakin ya taɓa kai motarsa gareji saboda mugun mai. Aka wuce tambaya ta gaba.

Bayan na fara koyarwa a sashen da na yi karatun, aka ba wata ɗalibar digiri na biyu aikin gwada man da aka sarrafa daga 'ya'yan bini-da-zugu a wannan injin, aka ce ta ɗora a kan kwaikwayona tunda an riga an tabbatar da shi. Ni da kaina na miƙa mata fayilolin, ina alfahari. Ta fara awo da sanyin safiyar Disamba da Janairu, da man gas zalla tukuna don ta sami ma'auni. Ni kuwa awona duka a ɗumin damina na yi shi, da rana, a yanayi kusan iri ɗaya.

Wata rana ta shigo ofis da takardu a hannu.

"Malam, layukan ba sa haɗuwa. Kwamfuta tana cewa wuta za ta makara fiye da yadda nake gani a injin."

"Kin duba na'urar auna matsin? Irinsu in sun sha zafi suna kaucewa."

"Na duba, Malam."

"Ki sake dubawa. Tsarin nan an gwada shi, an kare shi a gaban malamai."

Ta tafi. Ta kwance na'urar, ta sake daidaita ta, ta aro wata daga wani sashe, ta canza wayoyi, ta maimaita awon da ta riga ta gama. Lokaci yana tafiya, kuɗin man gwaji daga aljihunta yake fita. Da farfesan da ke duba aikinta ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa awonta ne bai da tsabta, tana bukatar ƙarin kulawa a ɗakin gwaji. A duk wannan labari, babu abin da ke ci mini rai kamar wannan jumla. Rubuta 23 a inda bai dace ba ganganci ne. Wannan kuwa shaida ce na bayar a kan aikin wata, ba tare da na zauna na duba shi ba, don kawai ya saɓa wa nawa.

Zafin Maris ne ya cece ta. Da ta maimaita awo da rana tsaka, sai kuskuren ya juya: yanzu kwamfuta na cewa wuta za ta tashi da wuri fiye da yadda take tashi. Ta dawo, wannan karon ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shimfiɗa zanukan a kan teburina ta jera su daga mafi sanyi zuwa mafi zafi.

"Malam, ka yi haƙuri, amma na'ura in ta lalace tsayin layi take ɓatawa, ba wurin da ya fara miƙewa ba. Kuma ba ta san hunturu da bazara ba. Tsarin ne yake jin zafi da sanyi fiye da injin."

Ban sami amsa ba. Ita ce ta koma wurin Baba ta tambaye shi ko akwai hanyar ganin lokacin da mai ke isa nozul injin yana gudu. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kama da abin maƙale shanya, irin wadda masu gyaran famfo ke maƙala wa fayif su haɗa da fitilar taimin. Tana jin ɗan kumburin da fayif ke yi in matsi ya ratsa shi. Suka maƙala ta daf da nozul, suka haɗa wayarta da na'urar ɗaukar bayanai, aka tayar da injin. Ina tsaye a bayansu. Alamar ta fito a wajen digiri 18 kafin ƙoli. Ba awon ɗagawar allurar nozul ba ne kai tsaye, wanda shi ne ya fi inganci, amma ya isa ya nuna inda matsalar take. Baba ya dube ni ya ce, "Injiniya, ai 23 ɗin nan na famfo ne. Kafin ya kai nozul sai ya yi tafiya. Da abin da kake nema ke nan, da ka faɗa mini." Gaskiyarsa. Taimin na tambaye shi, taimin ya ba ni.

Lissafin ba ya bukatar kwamfuta. In filanja ta rufe ƙofar mai ta fara tura shi, matsin yana bin fayif ne da gudun sauti a cikin man, kimanin mita 1,300 zuwa 1,400 a sakan. Fayif mai rabin mita zai ci sama da kashi ɗaya cikin uku na milisakan, wato fiye da digiri 3 a wannan gudu. Sannan sai matsin ya taru ya kai wajen bar 200 a ma'aunin matsi kafin ya rinjayi sifirin ya ɗaga allura. A haɗa, an sami digiri 5 ɗin nan da ke tsakanin 23 da 18. Ainihin jinkirin kamawa bai wuce digiri 9 ba, milisakan guda, abin da ake tsammani daga man gas na yau da kullum. Kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Littafin John Heywood na 1988 kan injina, wanda ke kan teburina duk tsawon karatun, ya bayyana cewa daga ɗagawar allura ake fara ƙirga jinkirin. Na karanta shafin, na ci jarrabawa a kansa.

Abin da na yi ya yi kama da na mai shagon da lissafinsa ya ƙi cika da yamma, sai ya ɗauki giɓin ya rubuta shi a shafin bashin wani abokin cinikinsa. Littafi ya daidaita, amma an ɗora wa wanda bai ci ba. Na ɗauki jinkirin fayif na rubuta shi a shafin sinadari. Su biyun kuwa halinsu ba ɗaya ba ne. Tafiyar matsi a fayif babu ruwanta da zafin iskar da ke cikin silinda. Sinadari kuwa yana bin dokar Arrhenius, ɗan canjin zafi yana ninka saurinsa ko ya karya shi. Ga kuma matsi yana ninka bambancin: a injin mai matsi 17.5, Kelvin 10 a iskar da aka rufe a silinda yakan zama kusan 27 in fistin ya kai ƙoli. A ƙasar da safiyar hunturu da tsakar ranar bazara ke iya bambanta da digiri 25, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tunda na mai da jinkirin digiri 14 gaba ɗaya na sinadari, tsarina yana miƙa shi duka in an yi sanyi, ya tsuke shi duka in an yi zafi, alhali a injin digiri 9 ne kawai ke motsi. A yanayin da na yi awona kaɗai kuskuren biyu suke cinye juna, kuma a nan kaɗai na gwada shi.

Da ba a gano ba, ɓarnar da za ta biyo baya a kan man bini-da-zugu ta fi wannan. Man tsirrai da aka sarrafa ya fi man gas ƙin matsuwa, don haka sauti ya fi gudu a cikinsa, nozul ya buɗe da wuri. Tat da Van Gerpen sun auna wannan a Jami'ar Jihar Iowa a farkon shekarun 2000, kuma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ƙaruwar hayaƙin naitirojin oksaid in an zuba irin wannan mai a injin mai famfo da fayif. Tsarina bai san akwai fayif ba. Duk wani saurin kamawa da ɗalibar za ta gani, sai ta murɗa Af04 ta ce siten ne, ta fitar da sakamako mai kyan gani wanda ba gaskiya ba, ni kuma in sa hannu.

Ba na cikin masu cewa murɗa lamba haramun ne. Tsarin Shell da ma don a daidaita shi aka gina shi, kuma mutanen Wisconsin ba su ɓoye cewa suna daidaita shi ba. Ba kuma na yarda da waɗanda ke ganin babban jadawalin sinadarai ya raba su da wannan cuta. Na ga masu aiki da manhajojin zamani da ɗaruruwan sinadarai, waɗanda ba sa taɓa lambobin sinadari ko kaɗan, amma in layi ya ƙi haɗuwa sai su ƙara wa zafin iskar farko Kelvin 15 ko 20 su yi shiru. Wurin murɗawa ne kawai ya canza. Matsalar ita ce lambar da ake murɗawa ba ta tambayar daga ina kuskure ya fito. Na taimin ne, na zafin bango ne, na ringin fistin mai yoyo ne, duk za ta haɗiye ta ba ka layi mai kyau. Haɗuwar layi biyu a wurin da ka yi gyara domin su haɗu ba ta tabbatar da komai ba, sai iya murɗawarka. Ni kuwa na kira wannan tabbatarwa, na rubuta shi a kan babi guda.

Shi ya sa masu wannan fage da gaske suke rarrabe abubuwa kafin su haɗa su. Sinadari ana gwada shi shi kaɗai, a bututun girgiza ko injin matsi na gaggawa, inda babu feshi babu fistin mai kai da kawowa. Feshi ana gwada shi a tukunyar ƙarfe mai tagogi. Gamayyar masu bincike ta Engine Combustion Network, wadda cibiyar Sandia ke kan gaba a cikinta, ta tsayar da yanayi guda da ta kira Spray A: man dodeken zalla, nozul mai ramin milimita 0.09, matsin feshi bar 1,500, zafin iska Kelvin 900, oksijin kashi 15 cikin ɗari. Ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suna maimaita wannan yanayi, jinkirin kamawa yana fitowa wajen milisakan 0.4. Duk wannan wahala don kada a bar wa kowa inda zai ɓoye kuskure ne. Mu ba mu da tukunya mai tagogi, amma bayanansu a buɗe suke ga kowa, kuma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi wanda ban yi ba: a juya injin ba tare da mai ba, a kwatanta matsin iska zalla da na kwamfuta. Da muka yi shi tare da ɗalibar, sai ga bashi na biyu. Matsin injin bai kai na kwamfuta ba, ringi sun ɗan saki, iska na zurarewa. Wannan ma Af04 ta haɗiye shi ban sani ba.

Na je wurin farfesa na gaya masa abin da na faɗa game da awonta ba daidai ba ne, awonta ne mai kyau, tsarina ne gurgu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko na gaya mata. Na ce tukuna. Ya ce to can ya kamata in fara. Na same ta a ɗakin gwaji, na ba ta haƙuri a gaban Baba, tunda a gabansa ta sha wahalar. Ta ce, "Ba komai, Malam, Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na san da komai. Sashen ya ƙara mata wa'adi, amma kuɗin zangon da na man da ta ƙona a banza babu wanda ya mayar mata, abin da na iya shi ne na ɗauki nauyin man sauran gwaje-gwajen.

Muka sake gina kwaikwayon daga tushe. Aka fara daidaita matsin iska zalla, aka sa fara feshi a inda na'urar fayif ta nuna, daban na man gas daban na bini-da-zugu, aka mayar da lambar ƙonewa da girman ɗigo inda suke tun asali. Af04 ta dawo kusa da ta mutanen Wisconsin. Ta nace, kuma ta yi daidai, cewa a daidaita da awon yanayi guda kawai, sauran a rufe su sai kwamfuta ta faɗi nata sannan a buɗe. Sabon layin bai kwanta a kan na awo kamar tsohon ba, akwai 'yar tazara a saman tsallen da ido ke gani. Amma ya bi injin daga sanyin Janairu zuwa zafin Maris ba tare da an sake taɓa komai ba. A ƙaramin lodi har yanzu yana makara kaɗan, kuma ta rubuta haka a kundinta ƙarara, tare da zatonta cewa matakai takwas ba za su iya ɗaukar sanyayyar wuta yadda ya kamata a can ba. Babin da ya fi jan hankalin masu jarraba ta shi ne wanda ta raba saurin kamawar man bini-da-zugu gida biyu, na fayif da na sinadari.

Kundina na liƙa masa takardar gyara a kwafin da ke laburaren sashe. Takardar taron ce ta gagare ni. Na rubuta wa waɗanda suka shirya shi, ba a amsa ba, kwamitin ya daɗe da watsewa. Tana nan a intanet, da jadawalinta mai nuna cewa man gas ɗin da ake sayarwa a garinmu yana jinkirin kamawa na digiri 14. Na taɓa cin karo da ita a kundin wani ɗalibi na wata jami'a, ya kafa hujja da ita a kan rashin ingancin man ƙasar nan. Na nemi adireshin malaminsa na aika masa bayanin fayif ɗin da zanukan ɗalibar, bayan na nemi izininta.